KABAWA TA LAKWAJA: Unguwar Da Ba Ma Tunawa Sai Ruwa Ya Tare Mana Hanya

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Tun shekaranjiya nake ganin ana ta yaɗa gargaɗin ambaliya na bana, kuma kamar kullum jihar Kogi tana cikin jerin. Na tsaya na karanta abin da mutanenmu ke faɗa a kai. Kusan kowa damuwarsa guda ce: kada hanyar Abuja zuwa Lakwaja ta sake rufewa, tireloli su maƙale, fetur ya yi wuya, tumatir ya ruɓe a mota. Wani ma cewa ya yi, su waɗannan mutane masu kwana a bakin kogi, me ya hana su tashi tun tuni? Wannan tambayar ce ta sa na zauna rubutu. Shekara shida na yi ina aiki a Lakwaja, huɗu daga ciki ina haya a unguwar Kabawa, kuma ambaliyar 2012 a can ta same ni. Ina ganin akwai haƙƙin unguwar nan a kaina.

Da takardar canjin wurin aiki ta fito mini a 2009, jaje abokan aiki suka yi mini. Da na je sallamar mahaifina, Allah Ya jiƙansa, dariya ya yi ya ce, "Kai kuma wace sarauta ka yi da za a kai ka Lakwaja?" A lokacin ban gane zolayar sosai ba. Ashe a kunnen mutanen zamaninsu, in an ce an kai wane Lakwaja, to an tuɓe masa rawani ke nan. Zan dawo kan wannan.

Ga wanda bai san garin ba sai ta tagar mota: Lakwaja tana matse ne tsakanin dutse da ruwa. Ta baya dutsen Patti, ta gaba kogin Kwara, wato Neja. Ɗan gaba kaɗan kuma Binuwai ya shigo daga gabas suka haɗu. Kwara ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya biyo ta Yawuri da Jebba. Binuwai ya taso daga tsaunukan Kamaru, ya bi ta Garwa da Yola da Makurɗi. In ka hau Patti da rana tsaka, a wasu lokutan shekara kana iya bambance launin ruwan biyu kafin su gauraya. Tsohon gari yana kwance a wannan siririn fili da ke tsakanin gindin dutse da gaɓar kogi, kuma a nan Kabawa take, kusa da tsohuwar kasuwa da kwatar da jirage ke tsayawa, wadda Nufawa ke kira Kpata. Matafiyi ba ya ganin wannan ɓangaren. Shi dai ya tsaya Natako ya ci abinci, ya yi salla, ya wuce.

Duk Bahaushen da ya ji sunan Kabawa, Kabi ce za ta faɗo masa a rai, ƙasar Kanta da masuntan Argungu. Ba shi kaɗai ne sunan da zai ji kamar a gida yake ba. Akwai unguwar Sarkin Noma. Basaraken tsohon gari Maigari ake ce masa. Ita kanta jihar, da kalmar Hausa aka raɗa mata suna: Kogi. Amma kada wani ya ɗauka na zo in ce Lakwaja garin Hausawa ne. A'a. Oworo suna nan, Nufawa suna nan, ga Kakanda gwanayen tuƙin jirgi, ga Bassa Nge, ga Igala da Igbira da Yarbawa. Kowa yana da tarihinsa da abin da yake tinƙaho da shi, kuma maganar wa ya riga wa ba tawa ba ce. Abin da na gani da idona shi ne, a lungu guda za ka ji mace ta yi ciniki da Nufanci, ta kira ɗanta da Hausa, ta amsa gaisuwar maƙwabciya da Yarbanci, ba ta ma san ta sauya harshe ba.

Me ya tara waɗannan mutane a wuri guda? Kogi. Kafin mota da jirgin ƙasa, ruwa ne babban titi, kuma duk mai son kaiwa Nufe ko Adamawa daga bakin teku dole ya biyo ta mahaɗar nan. Turawan Ingila sun gane haka da wuri. A 1841 sun turo jirage, suka buɗe wata gonar gwaji a wurin, zazzaɓi ya karkashe da dama daga cikinsu, suka janye. A 1854 wani likita ɗan Sikotlan, William Baikie, ya shigo da jirgi ya hau Binuwai ya dawo ba tare da rasa mutum ko ɗaya ba, saboda ya sa mutanensa shan kwinin. Wannan ɗacin magani shi ya buɗe wa Turawa ƙofar ƙasar nan, tun kafin bindigarsu. Wajen 1860 Baikie ya kafa zango a Lakwaja da yardar Etsu Nupe Masaba. Ya tara 'yantattun bayi da fatake, kasuwa ta kafu. Mutumin ya koyi Hausa har ya fassara wasu sassa na Linjila, kuma a 1862 ya yi tattaki har Kano. Ya rasu a Saliyo a 1864 yana hanyar komawa gida. Bishop Samuel Ajayi Crowther shi ma ya kafa mishan a garin, kuma makarantar Holy Trinity ta 1865 ita ake lissafawa makarantar boko ta farko a Arewa.

Daga nan sai kamfani. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba Royal Niger Company iznin ciniki da mulki a kan kogunan nan, Lakwaja ta zama sansanin dakarunsa. Da aka kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897, nan ma akwai barikinta, kuma da yawan sojojin da Hausa suke magana. Soja kuwa ba ya zama shi kaɗai. Inda yake, akwai mahauci, akwai mai wanki, akwai mai tuwo, akwai malamin da zai yi masa addu'a, akwai mai kawo goro. Haka unguwannin bakin ruwa suka cika. Ranar 1 ga Janairu 1900, a Lakwaja aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya shelanta cewa Arewa ta shiga hannunsu. Ku lura da wannan da kyau: abin da muke kira Arewacin Nijeriya a takarda, a bakin ruwan nan aka fara karanta sunansa, tun Kano da Sakkwato ba su san an yi ba. Hedikwata ba ta daɗe a nan ba, ta koma Jebba, sannan Zungeru a 1902, daga baya Kaduna.

To, ga maganar mahaifina. Da Turawa suka fara cin garuruwan daular Usmaniyya, sai suka rasa inda za su ajiye sarakunan da suka tuɓe. Barin sarki a ƙasarsa haɗari ne, jama'arsa na ganinsa. Lakwaja kuwa ta yi musu daidai: nesa da gida, ga bariki, ga kogi ya tare gaba, ga dutse ya tare baya. Nan aka kawo Etsu Nupe Abubakar bayan an ci Bida a 1901. Nan aka kawo Sarkin Zazzau Kwasau, wanda aka tuɓe a 1903, ya rasu a 1907. Sarkin Kano Alu Maisango yana Sakkwato aka ci Kano a watan Fabrairun 1903. Bayan an kama shi aka kai shi Yola, daga baya aka dawo da shi Lakwaja, ya zauna har rasuwarsa a 1926. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Aliyu Ɗan Sidi. Turawa ne da kansu suka naɗa shi ya gaji Kwasau a 1903. A 1920 su ɗin dai suka tuɓe shi, suka turo shi garin da wanda ya gada ya ƙare kwanansa. Malami ne, fasihin mawaƙi, ya rasu a nan a 1924. Mulki ke nan.

Kaburburan waɗannan bayin Allah suna Kabawa da lungunan da ke kewaye da ita, a tsakiyar gidajen mutane. Na yi wata uku ina bin wani lungu zuwa masallaci ban san kusa da wa nake wucewa ba, sai ranar da maigidan da nake haya a wurinsa, wani dattijo da kowa ke kira Baba, ya kama hannuna ya ce, "Malam, kai da ka ce daga ƙasar Kano kake, zo ka gai da sarkinku." Wallahi jikina sanyi ya yi. Na karanta yaƙin basasar Kano a jami'a, na rubuta sunan Alu a takardar jarrabawa, na ci maki da shi, amma ban taɓa tambayar inda ya kwanta ba. Mutumin da ya riƙe Kano daga 1894 zuwa 1903 ya fi daɗewa a ɗaurin talala fiye da yadda ya daɗe a kan karaga. Shekara ashirin da uku.

Kuma sarki ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai matan da suka biyo, akwai barori, akwai malamai da almajirai, akwai wanda amana ce kawai ta hana shi komawa. Da yawa ba su koma ba. Sun yi aure a nan, sun haifa, jikokinsu sun tashi da Nufanci a baki. A Kabawa na zauna da mutanen da za su ce maka asalinsu Zariya ko Kano, su faɗa maka har ƙofar da kakansu ya fito, alhali su ba su taɓa kwana a can ba. Su ne suka yi shekara ɗari suna share kaburburan nan, suna nuna wa baƙo, suna yi musu addu'a. Ba albashi, ba takardar yabo.

Abin da ya ɗaga unguwar shi ne kuma ya bar ta a baya. Da aka gama layin dogo daga Baro zuwa Kano a 1911, aka kuma haɗa shi da na Legas, gyaɗa da auduga da fata suka koma bin ƙarfe. Layin bai biyo ta Lakwaja ba. Jiragen ruwa sun ci gaba da zirga-zirga na wasu shekaru, amma sannu a hankali kwalta ta ƙwace sauran. Garin da aka shelanta Arewa a cikinsa ya koma garin lardi, ƙarƙashin lardin Kabba, sannan jihar Kwara daga 1967. Da Janar Babangida ya ƙirƙiro jihar Kogi ranar 27 ga Agusta 1991, Lakwaja ta zama babban birni, kuɗi ya shigo, amma sai ya bi titi. Sabbin gidaje da ofisoshi suka nufi Lokongoma da Felele da hanyar Ganaja. Gari ya juya wa kogi baya. A shekarar da na je, 2009, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zo Lakwaja ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, mutanen kwata suka yi ta murna za a dawo da manyan jirage. Har na bar garin a 2015, abin da na fi gani a kan ruwa shi ne kwale-kwalen masunta da na masu ɗiban yashi.

Duk da haka, ban taɓa zama unguwa mai rai irin wannan ba. Kafin kiran assalatu za ka ji ƙarar injin jirgi. Gari na wayewa mata sun cika kwata suna jiran masu koma, ga tarwaɗa, ga karfasa, in an yi sa'a ga giwan ruwa sai mutum biyu sun kama. Hayaƙin banda ba ya barin tufafinka. Daga tsallake ana sauke doya da rogo da itace. Zafi kuwa ba a magana, ga sauro kamar an aiko shi. Amma da la'asar, in iska ta taso daga ruwa, dattawa suka baje tabarmi, sai ka manta. Coci da masallaci suna jin juna. Gida guda za ka tarar da wa Musulmi, ƙane Kirista, ranar suna kowa ya zo. Ba na cewa ba a saɓani, ana yi, musamman lokacin siyasa. Amma mutanen da suka saba shiga jirgi guda sun san in ya kife ba ya tambayar addinin kowa.

Sai Satumbar 2012. Ruwan bai zo da hayaniya ba. Baba ya kafa wata sanda a bakin gaɓa, kullum da asuba sai ya je ya duba. Ranar da ya dawo ya ce wa iyalinsa su fara ɗaure kaya, ni ban ga komai ba sai ruwa can nesa. Na ce, "Baba, ai da saura." Ya ce, "Malam, kogi ba ɓarawo ba ne, da sallama yake shigowa. Wanda bai amsa ba shi ya so." Kwana huɗu bayan haka ruwa yana tsakar gida. Na kwashe takardun makaranta da katifa, sauran na bar wa Allah. Makarantun firamare suka koma sansani, aji guda iyali biyar ko shida. Adankolo, Ganaja, Sarkin Noma, ko'ina labarin guda ne. Hanyar Abuja ta yanke, masu kwale-kwale suka koma tsallakar da matafiya. A ƙasa baki ɗaya, alƙaluman hukuma sun ce mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 abin ya dawo, ya ma fi muni: sama da mutum 600 a faɗin ƙasa, hanya ta sake yankewa a wajen Kotonkarfe, layin fetur ya cika Abuja. A ranakun ne kowa ya tuna akwai wani gari wai shi Lakwaja.

Duk shekara in an tashi magana, madatsar ruwan Lagdo ta Kamaru ake zagi. Gaskiya ne tun da aka gama ta a 1982 in sun saki ruwa muna ji a jika, kuma gaskiya ne madatsar Dasin Hausa da aka tsara a Adamawa don ta tare shi har yau ba a gina ba. Amma ba nan maganar ta tsaya ba. Bayan Binuwai ya shigo Nijeriya, Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk a cikinsa suke juyewa. Ta ɗaya hannun, in Kainji da Jebba da Shiroro suka cika, dole a buɗe su, ruwan kuma Kwara zai biyo. Duk wannan a Satumba da Oktoba yake haɗuwa, kuma ƙofa guda gare shi. Ma'ana, ruwan saman da ya sauka a Gombe da Jalingo da Kaduna da Kabi, a ƙofar gidan Baba yake taruwa. Mu ne sama, su ne ƙasa.

To, me ya hana su tashi? Na taɓa yi wa Baba wannan tambayar. Ya ce a zamanin iyayensu ai tashi ake yi. Mai gida a bakin ruwa ya san na wata tara ne, in kogi ya kawo sai a hau gindin dutse, in ya janye a sauko a shuka a laka. Yanzu gindin dutsen duk an yanka an sayar, an zagaye da bulo. Ya ce, "In tashi in je ina? Masunci ya koma bayan dutse ya kama me? Kuma wa zan bar wa kabarin ubana?" Ban samu amsa ba, har yau ban samu ba. Talaka ba son ruwa ne ya ajiye shi a bakin kogi ba. Nan abincinsa yake, nan ne kuma hayar da yake iya biya.

Ba zan wanke kaina ba, ni ma ma'aikacin gwamnati ne. Na san yadda muke yi. Ruwa ya zo, a kafa kwamiti, a zaga da motoci, a raba shinkafa da tabarma da gidan sauro, a ɗauki hoto. A rubuta rahoto mai kyau, da shawarwari a shafin ƙarshe. Ruwa ya janye, fayil ya hau kanta. Ni kaina na sa hannu a irin wannan rahoto, kuma bayan shekara goma da na ga wani sabo, shawarwarin nan ne dai, kwanan wata kawai aka sauya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum sai jirgi ya tashi muke neman wuƙa.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Na farko, a ware fili a tudu kusa da gari, wanda mutanen gaɓa za su riƙa komawa lokacin cikar kogi, da ruwan sha da banɗaki, a daina rufe makarantu ana mayar da su sansani. Na biyu, gargaɗi ya riƙa isa kwata da Nufanci da Hausa da sauran harsunan wurin, ta bakin masu unguwa da limamai da fastoci da shugabannin masunta, ba a takardar Turanci kaɗai ba. Na uku, a daina ba da iznin gini a hanyar ruwa, kuma a fara da manya, don ba talaka ne ke cike fadama da tifa ba. Na huɗu, wannan namu ne mutanen Kano da Zazzau da Bida. Masarautunmu da jami'o'inmu da masu hannu da shuni su haɗa kai da mutanen unguwar a kula da kaburburan nan, a kuma naɗi bayanan dattawan da suka rage kafin su tafi da abin da suka sani. Kuma kada a gyara makwancin matattu a tsallake rayayyun da suka tsare shi. Rijiyar burtsatse guda ko aji biyu na makaranta a unguwar ba za su gagari Kano ba.

Baba ya rasu shekarun baya, ɗansa ne ya kira ni ya faɗa mini. Na tambaye shi ko har yanzu ana kafa sandar. Ya ce shi yake kafawa yanzu.

In Allah Ya kai ka Lakwaja, kada ka tsaya Natako kawai. Ka ɗauki awa guda, ka hau acaɓa ka ce a kai ka Kabawa. Ka yi wa sarakuna addu'a, ka sayi kifi a kwata, ka gai da mutane. In kuma akwai ɗan unguwar da ke karanta wannan, ya gyara mini inda na yi kuskure, ya ƙara mana abin da na bari.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare na bakin ruwa da na kan tudu. Amin.